Rainon Fatar Ɗan Adam a Ɗakin Bincike: Ko Ta Isa Ta Fanshi Zomo da Ɓera?

Duk wanda ya tsaya ya yi nazarin abubuwan da ɗan Adam yake ɗora wa fatarsa tun daga fitowar alfijir har zuwa kwanciyar barci, kama daga sabulu da man shafawa da turare, har ya zuwa rinin gashi da jan baki da maganin ƙuraje, zai tarar babu wata gaɓa da take karɓar baƙin abubuwa kamar fata, alhali kuwa ƙalilan ne daga cikin masu shafe-shafen suka taɓa tambayar wanda ya tabbatar da amincin abin da suke shafawa, balle hujjar da ya dogara a kanta. Shekara da shekaru amsar ba ta wuce ɗaya ba, watau an jarraba abin a jikin zomo ko ɓera, sai aka yi ƙiyasi a kan mutum. A zamanin nan kuwa masana a Turai da Amurka da Japan sun fito da wata hanya dabam, ita ce rainon fatar ɗan Adam ta ainihi a cikin ɗan ƙaramin kasko, sa'an nan a shafa mata abin da ake tuhuma. Mas'alar da muke nufin warwarewa ita ce, ko wannan fatar raino ta isa shaida a kan mafi ɓoyuwar illolin sinadarai, watau lalata gadon halitta, har a ce ta fanshi dabbobin da aka daɗe ana kashewa dominsa.

Kafin a yi hukunci wajibi ne a fahimci laifin da ake tuhuma. Jikin mutum ginanne ne da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kowace ƙwaya tana da cibiya a tsakiyarta, a cikin cibiyar kuma akwai wani siririn zare da masana suke kira DNA, wanda in an miƙe na ƙwaya ɗaya tak zai kai kimanin mita 2, amma Mai hikima ya naɗe shi cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. A jikin zaren nan aka rubuta dukkan umarnin da ƙwaya take bi, kuma duk sa'ad da za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun baki ɗaya ta ba 'yarta, kamar yadda almajiri yake kwafe littafin malaminsa da hannu, wanda in ya tsallake harafi ko ya yar da takarda guda, mai kwafa daga nasa ba shi da hanyar sani, sai kuskuren ya bi duk kwafin da zai biyo baya. Sinadarin da yake canza harafi, ko ya tsinke zaren, ko ya sa ƙunshi guda ya ɓace wajen rabo, shi ake cewa yana da guba ga gadon halitta, sharrinsa kuwa ya saɓa da na sauran guba, domin ba ya zafi balle a janye hannu, kuma sakamakonsa, wanda galibi ciwon daji ne, yana iya jinkirin shekara 20 ko 30 kafin ya bayyana.

Ta fata aka fara gane wannan al'amari. A 1775 wani likitan fiɗa na birnin Landan, Percivall Pott, ya lura cewa mutanen da suka yi aikin share bututun hayaƙi tun suna yara suna yawan kamuwa da daji a fatar marainansu, ya danganta abin da kunkunniyar da take maƙale musu a jiki. Zancen ya zauna a matsayin zato mai ƙarfi har 1915, lokacin da Yamagiwa da Ichikawa a Tokyo suka dinga shafa kwaltar kwal a kunnuwan zomaye wata da watanni har daji ya tsiro. A wani gefen kuma Hermann Muller ya nuna a 1927 cewa hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi yana canza gadon ƙananan ƙudaje, Charlotte Auerbach kuwa a Edinbara ta nuna a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu cewa sinadari ma yana iya yin haka. Da aka haɗa ilmin nan biyu sai aka kai ga ƙa'idar da ake aiki da ita har yau, cewa da yawa daga cikin masu haifar da daji ta hanyar ɓata rubutun gado suke haifar da shi, saboda haka wanda ya gano mai ɓata rubutu cikin 'yan kwanaki ya rage wa kansa jiran shekara 2 da gwajin daji a jikin ɓera yake ci.

A kan wannan ƙa'ida Bruce Ames na Jami'ar Kaliforniya ya gina gwajinsa a farkon shekarun 1970. Ya ɗauki bakteriyar Salmonella wadda aka naƙasa ta yadda ba ta iya haɗa wa kanta wani abinci da ake kira histidin, ya zuba ta a farantin da babu abincin, ya ƙara mata sinadarin da ake tuhuma tare da ruwan hantar ɓera, domin hanta ce take juya sinadarai da yawa daga halin lafiya zuwa halin cuta. In sinadarin mai canza harafi ne, sai wasu daga cikin bakteriyar su warke daga naƙasarsu su yaɗu har a ƙirga su da ido. A 1975 shi da abokan aikinsa suka gwada rinin gashi iri 169 da ake sayarwa a Amurka, 150 suka nuna alamar canza gado. Daga nan tsari ya zauna a kan mataki biyu: da farko a gwada a faranti, da bakteriya da kuma ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa, in an ga alamar laifi sai a ɗaukaka ƙara zuwa jikin dabba mai rai, a ɗura wa ɓera sinadarin, a kashe shi bayan kwana ɗaya ko biyu, a duba ɓargonsa ko hantarsa, hukuncin da ya fito daga nan kuma shi yake shafe na faranti.

Dalilin bukatar mataki na biyu shi ne faranti mai yawan ƙazafi ne. A 2005 David Kirkland da abokan aikinsa suka tattara sakamakon ɗaruruwan sinadarai waɗanda aka riga aka san hukuncinsu a jikin ɓeraye, suka tarar gwaje-gwajen faranti suna kama mafi yawan masu laifi, amma suna haɗawa da marasa laifi, har ya zama in an jera gwaji biyu ko uku, tsakanin kashi 75 zuwa 95 cikin 100 na sinadaran da ba sa haifar da daji sai an sami gwaji ɗaya da ya tuhume su. Da aka bi diddigi sai sabubban suka bayyana. Ƙwayoyin da ake amfani da su, irin na wani ɗan ɓera da ake kira hamsta, an daɗe ana rainonsu a kwalba har sun rasa aikin wani mai gadi na halitta da ake kira p53, wanda shi yake tsai da ƙwaya in rubutunta ya lalace har a gyara, ko ya umarce ta ta mutu. Sa'an nan ana nitsar da su ba shamaki cikin sinadari mai yawan da babu jikin da zai taɓa haɗuwa da irinsa, har wahalar mutuwa kanta ta sa zarensu ya tsinke. Muddin ƙofar ɗaukaka ƙara tana buɗe, aibin bai dami kowa ƙwarai ba, tun da ɓera zai wanke wanda aka zalunta.

Ƙofar kuwa sai aka rufe ta. Tun 1959 wasu malamai biyu a Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa wa mai gwaji da dabba sharuɗɗa uku, ya musanya ta da wani abu in da hali, ya rage adadinta in babu, ya kuma sassauta mata azaba ko ta yaya. Amma abin da ya tayar da hankalin jama'a shi ne gwajin da John Draize na hukumar abinci da magunguna ta Amurka ya tsara a 1944, inda ake ɗiga sinadari a idon zomo ko a shafa a fatarsa da aka aske, domin mutane da yawa da suka yarda a wahalar da dabba saboda maganin cuta ba su ga hujjar wahalar da ita saboda jan baki ba. Tarayyar Turai ce ta mai da ƙyamar nan ta zama doka: a 2004 ta hana gwada kayan kwalliyar da aka gama haɗawa a kan dabba, a watan Maris na 2009 ta hana gwada sinadaran da ake haɗa su da su, a ranar 11 ga Maris 2013 kuma ta cika hanin, ya zama ba a sayar da irin kayan a kasuwarta ko a wace ƙasa aka yi gwajin. Gwajin gubar gado yana cikin waɗanda hanin 2009 ya hau kansu, sai masana'antar ta wayi gari tsakanin abu biyu, ko ta zubar da duk sinadarin da faranti ya tuhuma, alhali ta san yawancinsu ƙazafi aka yi musu, ko ta nemo wani alƙali.

Alƙalin da aka samu daga ɗakin jinyar masu ƙuna asalinsa ya fito. A 1975 James Rheinwald da Howard Green a cibiyar fasaha ta MIT suka gano yadda za a sa ƙwayoyin saman fatar mutum su hayayyafa a faranti, ta yadda ɗan yanki mai santimita 2 ko 3 yakan ba da shimfiɗar da za ta rufe jikin mutum cikin mako 3 zuwa 4. A 1983 aka kai wasu yara biyu 'yan'uwan juna asibiti a Boston, wuta ta cinye fiye da kashi 95 cikin 100 na fatarsu, aka yi rainon ɗan abin da ya rage musu aka dasa musu, Allah ya sa suka tashi. Sai dai shimfiɗar da take nitse cikin ruwan abinci ba ta zama fata sosai, har sai da Michel Prunieras da Marcelle Régnier a Faransa suka bayyana abin da ya rage a farkon shekarun 1980, watau a ɗaga ƙwayoyin su fuskanci iska, abinci yana zuwa musu daga ƙasa kaɗai. Da zarar sun ji iska sai su shiga jeruwa hawa-hawa, na ƙasa suna rabuwa, na tsakiya suna bajewa, na sama suna mutuwa suna taurara su zama busasshen shamakin nan da yake hana ruwan jiki fita ya kuma hana baƙon abu shiga, cikin kimanin mako 2 an sami fata.

Ƙwayoyin da ake farawa da su daga ragowar fatar da likitoci suke yankewa ake samo su, wajen kaciyar jarirai ko wajen fiɗar gyaran jiki. Kamfanin MatTek na Amurka yana yin EpiDerm, wadda faɗinta bai cika santimita 1 ba. L'Oréal yana da masana'antar Episkin a birnin Liyon, da rassa a Sin da Burazil. Henkel na Jamus kuma ya fito da Phenion, wadda ta haɗa saman fata da hawan da yake ƙarƙashinsa, rainonta yakan ci wajen mako 5. Aikin farko da aka ba fatar raino shi ne ta karɓi zomon Draize, ta kuwa ci jarrabawa, domin ƙungiyar OECD, wadda ƙa'idojin gwajinta suke da karɓuwa tsakanin ƙasashe masu masana'antu, ta amince da ita a 2004 wajen gane sinadarai masu cin fata, a 2010 kuma wajen gane masu sa ta ja da kumburi. Amma waɗannan illoli ne na zahiri, ana auna su da yawan ƙwayoyin da suka mutu, ɓarnar gado kuwa sai an leƙa cikin cibiyar ƙwayar da take raye.

Hanya biyu aka bi wajen leƙawar. Ta farko ta dogara a kan abin da yake faruwa lokacin rabuwa, domin in kuromosom ya karye, ko guda ya makara bai bi 'yan'uwansa ba, to ba ya shiga cibiyar ko ɗaya daga cikin 'ya'yan biyu, sai ya naɗe kansa a gefe ya zama wata 'yar cibiya da ake gani da madubin likita. A 1985 Michael Fenech da Alexander Morley a Ostireliya suka ƙara dabara, suka sa wani magani mai suna saitokalasin B wanda yake barin cibiya ta rabu amma ya hana jikin ƙwayar rabuwa, saboda haka duk ƙwayar da aka gani da cibiya biyu an tabbata ta yi rabuwa ɗaya a gaban sinadarin, ita ce kuma za a yi wa tambaya. A 2006 Rodger Curren da Marilyn Aardema da abokan aikinsu a Amurka suka ɗora wannan gwaji a kan EpiDerm. Ana narkar da sinadarin, galibi a cikin wani ruwa mai suna asiton, a ɗiga a saman fatar sau biyu cikin awa 48, ko sau uku cikin awa 72, sa'an nan a ɓamɓaro ƙwayoyin hawan ƙasa, a rina su, a ƙirga 500 masu cibiya biyu daga kowane kasko a ga nawa ne suke goye da 'yar cibiya, a kwatanta da kaskon da asiton zalla aka ɗiga masa.

Hanya ta biyu ba ta jiran rabuwa. Östling da Johanson ne suka bayyana ta a Siwidin a 1984, Narendra Singh da abokansa suka inganta ta a Amurka a 1988. Ana ware ƙwayoyi ɗaya-ɗaya a binne su cikin jel a kan gilashi, a narkar da jikinsu ya rage zaren gado kaɗai, sa'an nan a saki wutar lantarki ta ratsa. Zaren da yake lafiya yakan tsaya a dunƙule inda yake, wanda ya tsintsinke kuwa guntayensa sukan bi wutar su yi jela, shi ya sa ake kiran gwajin da sunan tauraro mai wutsiya, yawan abin da ya tafi cikin jelar kuma shi ne mizanin ɓarnar. A kan Phenion aka daidaita shi, ana ɗiga sinadarin awa 48 da awa 24 da awa 3 kafin a rufe, ana duba hawan sama da na ƙasa kowanne dabam. Da yake ƙwayar mutum mai lafiya tana da saurin gyara, har takan ɗinke ɓarnar kafin mai bincike ya iso, sai aka sharɗanta cewa in zagayen farko bai nuna kome ba a sake shi tare da wani magani mai suna afidikolin, wanda yake tsai da masu gyara a tsakiyar aikinsu domin a ga inda suka farke. Hikimar haɗa gwajin biyu ita ce, na farko yana kama karyewar kuromosom da ɓacewarsa, na biyu kuma yana kama raunin zare wanda yake iya zama canjin harafi, irin wanda gwajin Ames yake tuhuma.

Fifikon fatar raino a kan faranti ya tsaya ne a kan cewa ƙwayoyinta na mutum ne, mai gadinsu p53 yana bakin aikinsa, kuma sinadarin ta ƙofar da zai bi a jikin mai shafawa yake bi, sai ya ratsa busasshen shamaki tukuna. Bayan wannan, fata tana da nata sinadaran sarrafawa waɗanda suka saɓa da na hanta. Akwai wani sinadari da ake kira PPD, wanda shi ne ginshiƙin baƙin rinin gashi. In an haɗa shi da ruwan hantar ɓera a farantin Ames yakan nuna alamar laifi, amma fatar mutum tana da wani inzayim mai suna NAT1 wanda yake ɗaure kaso mai yawa na abin da ya ratso, ya juya shi zuwa siffar da ba ta taɓa zaren gado. Faranti ba ya ba da labarin wannan, ɓeran da aka ɗura wa sinadarin ta baki ma ba ya bayarwa, tun da ba ta baki mai rini yake saduwa da shi ba. A nan ne hujjar masu fatar raino ta fi ƙarfi, cewa ga duk abin da fata ce mashigarsa, ita ta fi ɓera kusa da mutum.

Sai dai da'awa ba ta zama hujja sai da shaidu. Ƙungiyar masana'antun kwalliya ta Turai, Cosmetics Europe, tare da hukumar auna haɗari ta Jamus, BfR, a ɓangaren gwajin mai wutsiya, suka ɗauki nauyin jarrabawa ta shekaru, inda aka rarraba wa ɗakunan bincike a Turai da Amurka sinadarai an ɓoye sunayensu, sa'an nan aka kwatanta hukuncinsu da wanda aka riga aka sani daga dabbobi. Stefan Pfuhler da abokan aikinsa suka buga sakamakon a 2021. Gwajin 'yar cibiya, da sinadarai 43, ya kama kashi 75 cikin 100 na masu laifi ya wanke kashi 84 na marasa laifi. Gwajin mai wutsiya, da sinadarai 32, ya kama kashi 77 ya wanke kashi 88. Da aka haɗa su biyun, kamun masu laifi ya kai kashi 89. Wanda ya san cewa gwaje-gwajen faranti na ƙwayoyin dabba ba sa wanke ko rabin marasa laifi zai gane girman tazarar. Kwamitin masanan Tarayyar Turai mai duba lafiyar kayan masarufi, SCCS, ya shigar da gwajin biyu cikin jagorarsa a matsayin mataki na biyu bayan tuhumar faranti, OECD kuma ta ɗauke su cikin ayyukan da take tsara wa ƙa'ida.

Adalci kuwa ya wajabta a ambaci iyaka. Ma'anar kashi 89 ita ce a cikin masu laifi 10 ana iya samun ɗaya ya kuɓuta, ko da yake mizanin da aka auna da shi, watau ɓera, shi ma ba ma'asumi ba ne. Fatar raino ba ta da jijiyar jini, ba gashi, ba gumi, ba ƙwayoyin garkuwar jiki, shamakinta kuma ya fi na fatar gaske saurin ratsuwa. Ba ta da ta cewa game da sinadarin da aka haɗiya ko aka shaƙa, ko wanda ya wuce fata lafiya sai da ya isa hanta ya rikiɗe ya zama guba, balle abin da zai sami ƙwayoyin haihuwa ya bi zuriya, shi ya sa ake ta ƙoƙarin rainon hanta da hanyar numfashi a kan irin wannan tsari. Haka nan cewar da ake yi babu dabba a ciki tana bukatar ƙayyadewa, domin ruwan hantar da ake sa wa gwajin Ames na ɓera ne, ruwan abincin ƙwayoyi kuma sau da yawa akwai ruwan jinin ɗan tayin saniya a cikinsa. Ga kuma tsada da saurin lalacewa, tun da abu ne mai rai wanda ake aikawa cikin sanyi ta jirgin sama, kwanakinsa ƙidayayyu ne, in ya daɗe a hannun kwastan sai ya mutu.

Mai karatu Musulmi ba baƙo ba ne ga asalin wannan muhawara, ko da kayan aikinta sababbi ne. Shari'a ta hore wa ɗan Adam dabba domin amfaninsa, ta kuma haramta masa azabtar da ita ba bisa haƙƙi ba, labarin matar da ta tsare kyanwa da na mutumin da ya shayar da kare kuwa babu ɗalibin da bai ji su ba. Halaccin gwaji a kan dabba a kan larura da rinjayen maslaha aka gina shi, ƙa'idar malamai kuwa sananniya ce cewa larura da gwargwadonta ake auna ta, abin da aka yi rangwame a kansa saboda uzuri kuma yakan koma asalinsa in uzurin ya gushe. In haka ne, duk inda aka tabbatar fatar raino tana ba da amsar da ta kai ta dabba, uzurin ya faɗi, inda ba ta kai ba kuwa, kamar magungunan da ake sha, yana nan da sauransa har a sami madadi. Akwai kuma mas'alar da ta cancanci malamai da likitoci su zauna a kanta, ita ce hukuncin amfani da yankin jikin ɗan Adam da aka riga aka raba shi da shi, da sharaɗin izinin mai shi ko waliyyinsa, da kuma cinikin abin da aka yi raino daga gare shi.

Rabonmu a cikin al'amarin nan shi ne mu masu shafawa ne, ba mu zama masu gwadawa ba tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man bilicin, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin na gaggawa, alhali haidurokwinon, wanda ake zubawa a cikin da yawa daga mayukan, Tarayyar Turai ta fitar da shi daga kayan hasken fata tun 2001. PPD ɗin da Turai ta yarda da shi a rinin gashi kaɗai, shi ma bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, shi ake zuba wa baƙin lalle ba mizani a ɗora a kan fata kai tsaye, cutarsa a nan kuwa ƙaiƙayi ne da kumburi da tabo, asibitocin Sudan kuma sun daɗe suna ganin masu mutuwa da haɗiyarsa. Darasin shi ne, gwaji kowane iri ne yana ba da shaida ne a kan abin da aka gwada, a gwargwadon da aka gwada shi, a kan illar da aka nema. Haɗin da aka dama a bayan shago aka ɗura a kwalbar da ba ta da suna, babu zomo ko fatar raino da ta taɓa yi masa shaida.

Hukuncinmu dai shi ne, fatar raino ta isa alƙali na biyu a kan sinadaran da ake shafawa, ba ta kuwa isa a kan waɗanda ake sha ko ake shaƙa ba. Da yake EpiDerm da Phenion ba su da ƙwayoyin da suke ba fata launi, tambayar yadda baƙar fata take karɓar waɗannan sinadarai mu ta fi shafa, kuma duk mai son kai sabon haɗi na man kaɗanya ko lalle ko wani tsiro kasuwar Turai dole ya kawo hujjar amincinsa ba ta hanyar dabba ba. Hanyar rainon an buga ta a fili, fatar farawa kuwa ba ta yi mana wuya ba a ƙasar da kusan kowane namiji ake yi masa kaciya. Abin da ya rage shi ne wutar da ba ta ɗaukewa, da ɗaki mai tsabta, da horarrun hannuwa. Saboda haka muna kira ga tsangayoyin likitanci da harhaɗa magunguna na jami'o'inmu a Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai, da hukumomin da aka ɗora wa amanar lafiyar jama'a, su sa wannan ilmi cikin abin da suke koyarwa da abin da suke nema wa kuɗi. Kai kuwa mai karatu, kafin hakan ta samu, kada ka shafa wa jikinka ko na iyalinka abin da ba a rubuta abin da yake cikinsa ba.